Baƙo ko Mai Saye? Tsokaci a Kan Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Hausawa sun raɗa wa tafiyar da ake yi domin kallo zalla suna mai daɗin ji, wato yawon buɗe ido. Duk wanda ya ji wannan suna zai ɗauka cewa matafiyi kan bar gida ido a rufe, ya komo da shi a buɗe. Sai dai kuma su Hausawan ne dai suka ce baƙo makahon gari ne. Daga tsakanin waɗannan maganganu biyu tambayarmu ta taso: mutumin da ya biya kuɗinsa aka kai shi garin wasu domin ya ba idonsa abinci, mene ne matsayinsa a wurin mutanen garin? Baƙo ne wanda yake da haƙƙi a kansu, su ma suke da haƙƙi a kansa, ko kuwa mai saye ne, wanda da zarar ya miƙa kuɗi ya karɓi kaya, magana ta ƙare?

A zamanin kakanninmu ba a san wannan tambaya ba, domin kuwa abin da ke fitar da mutum daga gida bai wuce fatauci da cin rani da neman ilmi da aikin hajji da ziyarar dangi ba. Kowanne daga cikin waɗannan matafiya yana da buƙata a wurin mutanen da zai tarar. Farke na neman mai masauki, almajiri na neman malami da gidan da zai riƙa kai ƙwarya, buƙatar nan kuwa ita ke koya musu ladabi tun kafin su sauke kaya. A yau an sami wani sabon matafiyi wanda ba ya buƙatar kowa a inda za shi. Kamfani ya yanka masa tikitin jirgi, ya kama masa otal, ya ɗaukar masa mota da jagora, ya haɗa shi da wasu mutum ashirin, komai an biya tun daga gida. To, wanda buƙata ba ta tilasta masa ladabi ba, me zai tilasta masa?

Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ƙaddara wani magidanci da mai ɗakinsa da suka yi shekaru suna tari, har suka shiga irin wannan rukuni zuwa ƙasar Maroko na tsawon kwana takwas a cikin shekarar 2024, shekarar da ƙasar ta karɓi masu yawon buɗe ido fiye da miliyan 17. Ma'auratan ƙaddarawa ce kawai, amma hanyar da za mu bi da su tana nan, daga tsaunukan Atlas zuwa bakin tekun Atlantika.

A Kan Tsauni

Daga birnin Marakesh zuwa ƙauyen Imlil tafiyar kimanin kilomita 65 ce, a kan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke bin gefen kwari tana hawa. Ƙauyen na zaune ne a tudu mai tsawon kusan mita 1,800 daga doron teku, a gindin dutsen Tubkal, wanda tsawonsa ya kai mita 4,167, babu kuwa wanda ya fi shi a duk Arewacin Afirka. Mazauna wurin Amazig ne, waɗanda aka fi sani da Barbar, harshensu kuwa Tashilhit. Gonakinsu an yanka su ne a jikin tsauni hawa-hawa kamar matakala, ana shayar da su da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga sama, alfadari kuma shi ne abin hawa da ɗaukar kaya a inda mota ba ta zuwa.

Ranar Juma'a, 8 ga watan Satumba na 2023, da misalin ƙarfe 11 na dare, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa wannan yanki. Ta hallaka mutane fiye da 2,900, ta kwantar da gidajen ƙasa da na dutse a ƙauyuka masu yawa, har tsohon masallacin Tinmel da aka gina a ƙarni na 12 bai tsira ba. Shekara guda bayan haka, akwai iyalai da dama da ba su bar kwana cikin tantuna ba.

A kan wannan hanya motar rukuninmu ta tsaya, jagora ya ce an ba kowa sa'a biyu. Sai ga wata mata ta sauko daga tudu, ta sunkuya saboda nauyin ciyawar da ta goya, ta nufi wani tanti da aka kafa kusa da kangon gida. Nan take wayoyi suka tashi sama. Maigidan ya zaro tasa, sai ya ji mai ɗakinsa ta riƙe masa hannu.

"Malam, ka tambaye ta?"

"Tambayar me, Hajiya? Ai abin da muka biya kuɗi mu gani ke nan. Dubi kowa ma ɗauka yake yi."

"Kamfani ka biya. Ita me ka ba ta? Da ni ce a ƙofar gida da kayan wanki a ka, wani ya tsaya ya ɗauke ni hoto, me za ka ce masa?"

A cikin wannan 'yar gardama duk tambayarmu ta taru. Maigidan na magana ne da harshen kasuwa, harshen kuwa ba na banza ba ne, domin guminsa ya biya. Amma ko a kasuwar ma akwai ƙa'ida, wato ba a sayar da abin da ba a mallaka ba. Kamfani ya mallaki kujerar mota da gadon otal da lokacin jagora, waɗannan ya sayar, waɗannan kuma aka saya. Tsauni da kwari da ƙanƙara na Allah ne, mai ido ya kalla iya son ransa. Fuskar matar nan da talaucinta da tantinta kuwa ba su taɓa shiga hannun kamfani ba, balle ya sa musu farashi. Bugu da ƙari, katangar da a da ke kare ta daga idon mai wucewa girgizar ƙasa ce ta rushe ta. Wanda ya leƙa ta inda katangar take a da, har ya tafi da hoton abin da ya gani, ya ci moriyar masifar da ta same ta, ko da bai yi niyya ba.

Hujjar Maigida

Adalci ne mu saurari maigidan da kyau, domin hujjarsa ta fi abin da ya faɗa cikin gaggawa. Imlil da ƙauyukan da ke kewaye da shi sun dogara ƙwarai ga baƙin da ke zuwa hawan dutse. Akwai masu jagora, akwai masu alfadarai, akwai masu ƙananan masaukai da masu dafa shayi, duk da baƙin nan suke cin abinci. Bayan girgizar, masu irin waɗannan sana'o'i da kansu suka riƙa kira ga baƙi da kada su fasa zuwa, saboda rashin ciniki wata masifar ce a kan ta farko. Ashe ke nan mutumin da ya zauna gida don gudun laifi zai tsira da hannu mai tsabta, amma mai alfadari zai kwana da yunwa. Don haka ba mu tare da masu cewa yawon buɗe ido a wurin da aka yi asara rashin imani ne. Zuwan alheri ne, illa iyaka alherin ya danganta da yadda aka je.

Mu duba kuma inda kuɗin ke tsayawa. Kaso mafi tsoka na abin da ma'auratan suka biya ya tafi ga kamfanin jirgin sama da kamfanin da ya shirya tafiyar da manyan otal na birni. Abin da ke isa ƙauye shi ne ɗan abin da aka miƙa hannu da hannu: kuɗin shayi, kuɗin hawan alfadari, kuɗin tuffa ko ɗan saƙi. Abin mamaki, mutumin da ya biya kamfani miliyoyin naira bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa a kan dirhami goma, ya koma mota yana alfaharin ya iya ciniki. Idan har hujjarsa ita ce zuwansa na amfanar mutanen wurin, to, wajibi ne ya tabbatar amfanin ya kai gare su.

Awaki a Kan Bishiya

Daga tsauni rukunin ya koma Marakesh, ya kama hanyar yamma zuwa garin Sawira da ke bakin teku, tafiyar kimanin sa'a uku. A wannan yanki ne ake fara ganin bishiyar argan, wadda mata ke fasa ƙwayarta da dutse su fitar da mai mai tsada. Awakin ƙasar sun saba hawa wannan bishiya don cin 'ya'yanta, wannan gaskiya ne. Amma waɗanda ake gani a bakin titi, goma ko fiye a kan bishiya guda, sun yi cirko-cirko ba sa motsi, 'yan jarida da masu kare haƙƙin dabbobi sun sha bayyana cewa yawanci ɗora su ake yi, su wuni a tsaye cikin rana, domin motocin baƙi su tsaya a ɗauki hoto a ba mai su ɗan canji. Shekarun fari da suka addabi ƙasar sun ƙara tura makiyaya cikin wannan sana'a.

Tambaya a nan ita ce, wa ya ɗora akuya a kan bishiya? Hannun makiyayi ne ya ɗaga ta, amma dirhamin mai kallo ne ya ba shi umarni. Mukan ɗauka cewa kallo ba ya taɓa komai, wai ido ba shi da hannu. Haƙiƙa idon da ke tafe da kuɗi yana da hannu, kuma hannu mai tsawo, domin duk abin da ya nuna yana so, gobe za a ƙara yi masa shi. In ya so ganin akuya a sama, za a ɗora ta. In ya so ganin yaro cikin tsumma yana roƙo, za a hana yaron zuwa makaranta a tsayar da shi a bakin hanya. Da haka mai yawon buɗe ido kan yi tafiyar dubban kilomitoci ya kalli abin da shi da kansa ya sa aka shirya masa, ya komo yana cewa ya ga yadda mutanen ƙasar ke rayuwa.

A Bakin Teku

Sawira gari ne mai iska da ganuwa da jiragen kamun kifi masu shuɗin fenti. Sarkin Maroko Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya gina shi a cikin shekarun 1760, ya mai da shi mashigar kayan da ayarin raƙuma ke kawowa daga Tumbuktu. Da yamma, rukunin na cin gasasshen kifi, sai ga makaɗan da ake kira Ginawa sun zo bakin tebur da molonsu mai tsirkiya uku da wasu ƙarafa da suke kaɗawa a hannu. Maigidan ya jefa musu canji ya ci gaba da cin abincinsa. Ita kuwa sai ta ce ƙarar ƙarafan nan ta tuna mata sambani.

Kunnenta bai yaudare ta ba. Ginawa jikokin mutanen da aka ƙetaro da su hamada ne a matsayin bayi daga ƙasashen baƙar fata, a cikin kabilun da ake ambatawa a asalinsu kuwa akwai Bambara da Sanwai da Fulani da Hausawa. Masana sun daɗe suna kwatanta bikin daren da suke yi don neman waraka da bori. Tun daga 1998 aka fara yi musu babban bikin kiɗa a Sawira, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sanya kiɗansu cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ashe maigidan ya haɗu ne da wanda mai yiwuwa jininsu ɗaya, zuriyar wani da aka raba da gida ƙarfi da yaji, ya sallame shi da canji bai ko ɗaga kai ba. Ba mugunta ta sa shi haka ba, rashin sani ne. Sai dai rashin sanin mutumin da ya yi wata shida yana shirin tafiya, ya san farashin kowane otal, bai karanta shafi guda a kan mutanen da za shi wurinsu ba, ba ya zama uzuri cikakke.

Zangon ƙarshe shi ne Agadir, birni mai dogon rairayi da jerin manyan otal. Kaɗan daga cikin masu kwanciya a rairayin nan suka san cewa a daren 29 ga watan Fabrairu na 1960 girgizar ƙasa ta kashe mutane tsakanin 12,000 zuwa 15,000 a wannan gari, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa, kuma an baje wata tsohuwar unguwa an bar ta a matsayin makabarta, aka sake gina birnin a gefe. Shin laifi ne a yi nishaɗi a irin wannan wuri? Ba mu ce ba. Mutanen garin sun sake gina shi ne domin a rayu a cikinsa, ba su kuma nemi baƙo ya zo ya yi musu zaman makoki ba. Amma wanda ya san abin da ke ƙarƙashin tudun can, takunsa kan bambanta da na wanda bai sani ba, ko ba komai zai yi wa mamatan addu'a kamar yadda aka koya mana in mun wuce ta makabarta.

A wannan rairayi ne kuma abin ya juyo kan ma'auratan. Tana zaune cikin hijabinta tana kallon raƙuman ruwa, masu wanka na kai da kawowa, sai wani baƙo daga wata ƙasa ya saita kyamararsa a kanta, don ya ga abin da ya ba shi sha'awa. Maigidan ya zabura zai yi magana, sai ya tuna cewa shi ma mutumin kuɗinsa ya biya.

Rukuni da Abokin Tafiya

Tafiyar rukuni tana da amfanin da ba za a musa ba. Ta fi sauƙin kuɗi, ta fi aminci, ta kuma buɗe hanya ga tsofaffi da mata da waɗanda ba su jin harshen ƙasar. Amma rukuni ganuwa ne mai tafiya. Mutum ashirin na cikin mota guda, suna hira da harshensu, suna neman abincin da suka saba, duk wata magana da ɗan ƙasa sai ta bi ta bakin jagora. Sun bar gida da ƙafa, amma sun taho da shi a cikin motar. Mafi muni, rukuni kan raba laifi har ya zama ba na kowa ba. Kalmar maigidan cewa kowa ma ɗauka yake yi ita ce tsohuwar mafakar mai kunya. Laifin da aka raba wa mutum ashirin kowa sai ya ji nasa ba nauyi, alhali ita matar da ke ɗauke da ciyawa wayoyi ashirin ta gani a kanta.

A nan ne darajar abokin tafiya ke fitowa. An ruwaito cewa wani mutum ya zo yana yabon wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya tare da shi, domin a tafiya ne hali ke bayyana. A cikin mutum ashirin ɗin nan, mutum ɗaya ce kaɗai take da ikon riƙe hannun maigidan, ita ce kuma kaɗai zai ji kunyarta bayan an watse. Sauran za su rabu a filin jirgi, wataƙila har abada, ita kuwa da ita za a koma gida. Ma'auratan da suka fita tare sun sami abin da sauran ba su samu ba, wato ido na biyu wanda ke kallon mai kallon.

Mu Ma An Kalle Mu

Ƙasar da muka yi misali da ita ita ce ta haifi shahararren matafiyin nan Ibn Batuta, wanda ya bar garin Tanja a 1325. A 1352 ya ƙetare hamada ya isa Walata, aka kawo masa dakakken gero da nono da ɗan zuma a ƙwarya, abin da mu za mu kira fura, abin da kuma muke karrama baƙo da shi. Sai ya raina liyafar, har ya yi nadamar zuwansa. Bayan ya yi watanni a daular Mali, shi ne kuma ya yaba wa mutanen da ƙin zalunci da amincin hanya da kiyaye salla da ƙoƙarin haddace Alƙur'ani, duk da cewa akwai al'adunsu da bai daina kushewa ba. Idan mutumin da ya shafe kusan shekara talatin yana yawo ya yi kuskure a kan ƙwaryar farko, sai da zama ya gyara masa gani, yaya wanda aka ba shi sa'a biyu?

Mu ma mun san wannan daga ɗaya ɓangaren. Mun ga baƙi a hawan salla da marinar Ƙofar Mata a Kano suna ɗaukar hoton abin da suka ga dama, mun kuma ji irin labarin da wasunsu kan bayar a kanmu in sun koma. Waɗanda ke karatu ko koyarwa nesa da ƙasar Hausa kuwa sun san ɗacin a yanke wa al'ummarsu hukunci da ɗan abin da aka gani a zango ko a kasuwar shanu. Abin da ba mu so a yi mana ke nan, bai kamata mu hau jirgi mu je mu yi wa wasu ba.

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar da muka faro da ita ita ce, mai yawon buɗe ido mai saye ne a wurin kamfani, amma a wurin mutanen gari baƙo ne, ko ya so ko ya ƙi, kuɗin da ya biya wancan kuwa bai sauke masa haƙƙin waɗannan ba. Haƙƙin ma ba mai wuya ba ne. Ya yi sallama kafin ya kalla, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, ya karɓi "a'a" in an ce masa ita. Ya san wani abu na tarihin wurin tun kafin ya taka shi. Ya biya talaka haƙƙinsa da sakin fuska, ya hana kuɗinsa ga abin da zai cutar da mutum ko dabba. In ya dawo gida aka taru ana tambayarsa labari, ya faɗi abin da ya gani gwargwadon yadda ya gan shi, ya tuna cewa ta tagar mota ya ga mafi yawansa.

Ba mu ce wannan zai mai da sa'a biyu ta zama zaman shekara ba. Baƙon kwana takwas zai komo da makantarsa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma makahon da ya san shi makaho ne yakan yi tafiya a hankali, yana lalube, yana tambayar 'yan gari hanya, ba ya kuma taka ƙafar kowa. Allah ya sa in mun fita mu zama baƙin da ake kewar tafiyarsu, amin.